Ɗaki Ɗaya, Hanya Biyu: Masana Tarihin Zane 'Yan Asalin Hangare a Ma'aunin Jami'a

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna darasin ra'o'in tarken adabi ya taɓa cin karo da sunan Georg Lukács, masanin falsafar nan na ƙasar Hangare. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, daga zauren hirar da ya jagoranta a birnin Budapest tsakanin 1915 da 1918 aka sami wasu mutane da suka yi fice a wani fage na daban, wato tarihin zane-zane da sassaƙa. Huɗu daga cikin masanan wannan zamani za mu duba: Frederick Antal (1887-1954), da Johannes Wilde (1891-1970), da Arnold Hauser (1892-1978), da Charles de Tolnay (1899-1981). Dukkansu a Hangare suka tashi, dukkansu gudun hijira ya kai su ƙasashen waje, kuma a baƙin harsuna suka rubuta manyan ayyukansu.

Ra'ayinmu shi ne, Antal da Hauser sun ɗauko tambaya mai nauyi amma sun yi gaggawar amsa ta, Wilde da Tolnay kuwa sun mallaki haƙurin duba abu ɗaya na tsawon shekaru amma sun bar tambayar a gefe. Jami'o'in Turai da Amurka sun fi sakin jiki da rukuni na biyu. Za mu auna ko sun yi daidai, da kuma abin da wannan zaɓi ya jawo wa fagen ilimin kansa.

2.0 Tushensu

A gidan marubuci Béla Balázs ake haɗuwa kowace Lahadi, shi ya sa aka san taron da sunan Da'irar Lahadi. Cikin masu zuwa akwai Karl Mannheim, wanda daga baya ya shahara a ilimin zamantakewa, da Lajos Fülep, da Antal, da Hauser. Tolnay shi ne ƙaramin cikinsu, bai kai shekara 20 ba. Wilde kuwa abokin aikin Antal ne a babban gidan adana zane-zane na Budapest. A 1917 'yan da'irar suka buɗe wata makaranta mai zaman kanta inda suke ba da lacca, har mawaƙan nan Béla Bartók da Zoltán Kodály sun yi jawabi a cikinta. A wancan lokaci hirarsu ta fi karkata ga falsafa da ɗabi'a da littattafan Dostoevsky. Siyasa daga baya ta shigo.

Wani abin da ya haɗa su shi ne makarantar tarihin zane ta Biyena, babban birnin Ostiriya, musamman malaminta Max Dvořák, wanda ya rasu a 1921. A hannunsa Antal ya sami digirin dakta a 1914, Wilde kuma a 1918. Dvořák ya koyar da cewa sauyin salon zane yana tafiya tare da sauyin tunanin zamani, saboda haka ba a fahimtar zane sai an fahimci duniyar da ta haife shi. Daga wannan koyarwa hanyoyin biyu suka rabu. Wasu suka fassara "duniya" da tattalin arziki da ajin jama'a, wasu suka fassara ta da tunanin mai zanen da wurin da aka yi zanen dominsa.

A watan Maris na 1919 aka kafa gwamnatin kwaminis a Hangare ƙarƙashin Béla Kun, wadda ta yi kwana 133 kacal. Lukács ya riƙe sha'anin ilimi da al'adu, Antal kuma ya shiga gaba wajen karɓe zane-zanen da ke gidajen attajirai a baje su ga jama'a. Da gwamnatin ta faɗi a watan Agusta, sai farautar duk wanda ya yi mata aiki ta biyo baya. A 1920 kuma aka kafa dokar da ta taƙaita yawan Yahudawan da za su shiga jami'a. Antal da Hauser daga gidajen Yahudawa suka fito, kuma sun taɓa gwamnatin da aka kifar. Ƙofar jami'a a ƙasarsu ta rufe ke nan. Bayan shekara 14 sai ta Jamus ta rufe da hawan Hitler a 1933, ta Ostiriya kuma a 1938.

3.0 Antal da zane biyu na Florence

Antal ya zauna a Italiya, sannan a Balin, inda ya kasance cikin editocin wata mujallar bitar littattafan tarihin zane mai suna Kritische Berichte. A 1933 ya koma Landan. A can ya kammala babban littafinsa, Florentine Painting and its Social Background, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1940, yana nazarin zanen birnin Florence na ƙarni na 14 da farkon na 15.

Mabuɗin littafin yana da kyau ƙwarai, domin da abin da ido ke gani ya fara. Antal ya ɗauki zane biyu da ke rataye a babban gidan zane na Landan, dukkansu na Nana Maryamu riƙe da jaririnta. Na farko Gentile da Fabriano ne ya zana shi a 1425: tufafi masu ado, da ruwan zinari, da layuka masu laushi, da fuskoki masu taushi. Na biyu Masaccio ne ya zana shi a 1426: uwa mai nauyin jiki zaune a kan kujerar dutse, haske na zuwa daga gefe ɗaya, jaririn na cin inabi kamar kowane yaro. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, kuma daga masu zanen gari ɗaya suka fito. Me ya sa suka bambanta haka? Tsohuwar amsa ita ce ɗaya ya tsaya a tsohon yayi, ɗaya ya shiga sabo. Antal ya ƙi wannan amsa, ya ce bayyana abin ne kawai aka yi, ba a faɗi dalilinsa ba. A ganinsa kowane salo yana amsa buƙatar wani rukuni na jama'a: salon Masaccio na manyan 'yan kasuwa ne masu lissafi da tsantseni, salon Gentile kuwa na masu sha'awar rayuwar fada da ƙawar sarauta.

A nan ƙarfin Antal yake. Ya tilasta wa masana su tambayi wane ne ya biya kuɗin zane, wa aka yi wa shi, a wane coci aka kafa shi, kuma wace ƙungiyar 'yan zuhudu ke riƙe da cocin. Ya shigo da tawayen masu aikin ulu na 1378 da rikicin ƙungiyoyin sana'a cikin fagen da a da ba a magana sai ta launi da layi.

Amma da zarar an bi diddigin iyayen gidan masu zanen, sai katangar da ya gina ta fara tsagewa. Babban ubangidan Gentile a Florence shi ne Palla Strozzi, wanda ya sa shi yin shahararren zanen nan na 1423, kuma shi ne ya fi kowa dukiya a rajistar haraji ta 1427. Ɗan kasuwa ne mai banki, wato daga ajin da Antal ya ware wa Masaccio. Zanen Masaccio na 1426 kuwa wani marubucin takardun shari'a ne a garin Pisa ya biya kuɗinsa. Har ila yau, Felice Brancacci, ɗan kasuwar siliki wanda Masaccio ya yi wa zanen bango mafi shahara, daga baya 'yar Palla Strozzi ya aura. A ɗakin ibadar nan na Brancacci ma, Masaccio da Masolino ne suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, alhali salon Masolino ya fi kusa da taushin Gentile. Idan suruki da surukinsa, masu sana'a iri ɗaya da ɓangaren siyasa ɗaya, sun zaɓi salo biyu, kuma ubangida ɗaya ya ɗauki salo biyu a bango ɗaya, to aji kaɗai ba zai bayyana bambancin ba. Antal yana sane da wasu daga cikin waɗannan abubuwa, sai dai yakan warware su da ƙara rarraba ajin zuwa ƙananan rukunai, har ya zamana babu wata hujja da za ta iya kayar da ra'ayin. Ra'ayin da babu abin da zai iya ƙaryata shi kuwa ya fita daga bincike.

Millard Meiss ya yi wa littafin bita mai zafi a mujallar Art Bulletin a 1949, sannan a 1951 ya fitar da nasa littafin da ya danganta sauyin zanen Florence da Siena da annobar 1348. Antal ya rasu a 1954 bai taɓa riƙe tabbataccen muƙami a wata jami'a ba, in ban da laccocin da yakan bayar jefi-jefi a Cibiyar Courtauld ta Jami'ar Landan. Sauran littattafansa, har da na Hogarth da ya fito a 1962, duk bayan rasuwarsa aka buga su.

4.0 Hauser da littafin da ya so ya haɗiye komai

Hanyar Hauser ta fi ta Antal nisa da jami'a. Daga 1924 zuwa 1938 a Biyena yake, yana aiki a harkar fina-finai domin neman abinci. Da ya isa Ingila a 1938, Mannheim ne ya ƙarfafa masa gwiwar rubutu a kan dangantakar fasaha da zamantakewa. Aikin ya ci masa kimanin shekara goma, ya zama The Social History of Art, wanda aka fassara daga Jamusanci aka buga cikin juzu'i biyu a 1951. Littafin ya faro daga zanen kogo na mutanen farko ya dire a zamanin silima.

Ba za mu rage wa wannan aiki daraja ba. Hauser ya karanta zane da adabi da wasan kwaikwayo a matsayin 'ya'yan gida ɗaya, kuma babinsa a kan ƙagaggen labari na ƙarni na 19, inda ya tattauna Stendhal da Balzac da Flaubert, har yanzu yana da amfani ga ɗalibin adabi. Babin silima ma yana da rai, domin a nan yana magana ne a kan sana'ar da ya sani daga ciki. An fassara littafin zuwa harsuna da yawa, ya kai ga masu karatun da ba su taɓa jin sunan Wilde ba.

Rauninsa biyu ne. Na farko shi ne wanda Ernst Gombrich ya nuna a bitarsa ta 1953 a Art Bulletin. Jigon sukar shi ne, littafin da ya kira kansa tarihin zamantakewar fasaha ya yi ƙarancin bayani a kan ainihin zaman masu fasaha, wato yadda ake ƙulla kwangila, da yadda ɗakin sana'a ke tafiya, da yadda ake koyon aiki. A madadin haka sai manyan rukunai ke yawo: zanen da ke kwaikwayon halitta na masu neman sauyi ne, zanen da ke bin ƙa'ida mai tsauri na masu riƙe da mulki ne. Inda tarihi ya saɓa wa wannan tsari, sai a ce saɓanin ma wani ɓangare ne na tsarin. Muna ganin Gombrich ya yi gaskiya a nan, ko da yake shi ma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Abokin Karl Popper ne, kuma ƙiyayyarsa ga duk wani babban tsarin tarihi sananniya ce.

Rauni na biyu Gombrich bai dame shi ba, amma mu ya kamata ya dame mu. Bayan Masar da Mesofotamiya da tsibirin Kirit, littafin ya zama labarin Turai zalla. Bai ware babi ga Sin ko Indiya ko duniyar Musulunci ko masarautun Afirka ba. Abin lura kuwa, Hauser ya zauna a Balin da Biyena da Landan, birane uku da ke cikin waɗanda suka fi tara tagullan Benin da aka kwashe bayan harin sojojin Ingila na 1897. Idan ana neman misalin fasahar da ke ɗaure da fada, wadda ƙungiyar maƙera ta gado, wato Igun Eronmwon, ke yi wa Oba, da wuya a sami wanda ya fi wannan. Misalin yana kusa da shi, amma a gidajen nazarin ƙabilu aka ajiye shi, kuma Hauser ya karɓi wannan rabon gado na jami'o'in Turai ba tare da ya tuhume shi ba. Mai tuhumar kowane salo bai tuhumi iyakar fagensa ba.

Sai a 1951, yana da shekara 59, Hauser ya sami aikin koyarwa a Jami'ar Leeds, inda ya zauna har 1957. Daga nan ya yi ta koyarwar wucin gadi a Amurka da Landan. Ya koma Budapest a 1977, ya rasu a can a farkon 1978.

5.0 Wilde da Tolnay: masu ido

Wilde ya yi aiki a babban gidan tarihin fasaha na Biyena daga 1923 zuwa 1938. Yana cikin na farko da suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, irin ta asibiti, domin ganin abin da ke ƙarƙashin fenti. A 1932 ya buga sakamakon irin wannan bincike a kan wani zanen Giorgione da ake kira Masana Falsafa Uku. Hoton ya nuna cewa da fari mai zanen ya ɗora wa dattijon cikinsu wani ado mai kama da kambi, abin da ya sa Wilde ya fassara su da masanan gabas na al'adar Kirista. Ana iya jayayya da fassarar, an kuwa yi, amma hujjar tana nan kowa na iya dubawa. Wannan shi ne bambancinsa da Antal.

Matarsa Bayahudiya ce, saboda haka suka bar Biyena bayan 1938. A 1940 hukumomin Ingila suka tsare shi a matsayin baƙo daga ƙasar abokan gaba, aka kai shi Kanada, sai a 1941 ya dawo. A 1948 ya shiga Cibiyar Courtauld, ya zama mataimakin darakta, a 1950 kuma ya zama farfesa. Kundinsa na 1953 a kan zanen alƙalami da alli na Michelangelo da ke gidan tarihi na Birtaniya ya sauya fagen, domin ya riƙa tambayar amfanin da aka yi kowace takarda dominsa, ta haka ya mayar wa Michelangelo zane da dama da magabata suka ce na almajiransa ne. Ya buga kaɗan a rayuwarsa. Almajiransa, irin su John Shearman da Michael Hirst, su ne babban littafinsa.

Tolnay ya sami digirin dakta a Biyena a 1925 da nazari a kan Hieronymus Bosch, ya koyar a Hamburg har 1933, ya zauna a Faris, sannan a 1939 ya tafi Princeton. Juzu'ai biyar ya rubuta a kan Michelangelo tsakanin 1943 da 1960. Daga 1965 har rasuwarsa a 1981 shi ne daraktan Casa Buonarroti, gidan iyalin Michelangelo a Florence, kuma shi ya ga gidan ta cikin ambaliyar 1966. Abin yabo gare shi shi ne, a babban kundin da ya fitar tsakanin 1975 da 1980 ya karɓi zane da yawa da ya taɓa kora a baya. Masani ya sauya ra'ayi a bainar jama'a yana da shekara 70 da ɗoriya ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka akwai abin cewa. Michelangelo na Tolnay mutum ne da ke zaune shi kaɗai da falsafar Aflatun, kamar babu ma'aikatan haƙar marmara da ake biya, babu fafaroma mai matsa lamba, babu kwangilar da ake sake rubutawa. Shi ma yana da babban tsarinsa, sai dai nasa na ruhi ne, kuma jami'a ba ta tsorata da shi ba. Wilde ya fi shi taka ƙasa, amma ya tsaya a kan gwanaye ƙalilan na Italiya, bai tambayi yadda aka yi suka zama su ne ma'auni ba.

6.0 Hukuncin jami'a

Idan aka jera rayuwar mutanen huɗu, za a ga babu wanda ya sami hanya a buɗe. Wilde ma sai da ya kai shekara 57 ya sami tabbataccen muƙami a jami'a. Amma bambancin a bayyane yake: mai duba takarda ɗaya ya zama farfesa, mai neman dalilin zamani gaba ɗaya ya ƙare a bakin ƙofa. Littattafan Antal da Hauser sun fito ne a farkon yaƙin cacar baka, lokacin da kalmar Markisanci kaɗai ta isa ta rufe wa mutum ƙofa. Ba za mu ce siyasa ce kawai ta hana su ba, domin mun nuna cewa sukar da aka yi musu tana da tushe. Sai dai ba za mu ce cancanta ce kawai ta yi aiki ba, tun da babban tsarin Tolnay bai hana shi shiga Princeton da Columbia ba.

Akwai kuma abin da zaman waje ya yi wa ayyukan kansu. Wilde ya yi shekara 15 yana taɓa zane da hannunsa a Biyena, sannan shekara goma yana fuskantar tambayoyin ɗalibai masu kaifi. Hauser ya rubuta babban littafinsa ne kafin ya sami aji ko abokan sashe da za su ce masa wannan misali bai zauna ba. Muna ganin wani kaso na taurin ra'ayin da ake zargin su da shi daga kaɗaici ya samo asali. Jami'ar da ta nesanta su domin suna da tsauri ta hana su abin da zai tausasa su.

Fagen bai ci gaba ba sai da aka haɗa tambayar waɗancan da haƙurin waɗannan. A 1972 Michael Baxandall, na Cibiyar Warburg da Gombrich ke shugabanta, ya fitar da ƙaramin littafi a kan zanen Italiya na ƙarni na 15, ya fara da kwangiloli da farashin shuɗin fenti mai tsada, ya nuna yadda lissafin auna ganga da 'yan kasuwa ke koyo ya horar da idonsu wajen kallon zane. Tambayar Antal ce, amma da hujjar da za a iya dubawa. A wannan shekarar John Berger, wanda ya ɗauki Antal a matsayin malaminsa, ya kai irin wannan tunani ga masu kallon talabijin. A 1973 T. J. Clark ya fitar da littattafai biyu a kan Courbet da zanen Faransa na zamanin juyin 1848, a 1976 kuma ya zama farfesa a Leeds, inda aka kafa digiri na biyu a tarihin zamantakewar fasaha. Jami'ar da ta riƙe Hauser a matsayin malami kawai, ita ce bayan shekara 20 ta mayar da sunan littafinsa sunan kwas.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Antal ya tambayi abin da ya dace game da zanen Gentile da na Masaccio, amma iyayen gidan masu zanen ba su zauna inda ya ajiye su ba. Mun ga Hauser ya buɗe wa dubban masu karatu ido, amma ya bar yawancin duniya a wajen littafinsa. Mun ga Wilde da Tolnay sun bar mana abin dogaro a kan Michelangelo, amma a cikin iyaka ƙunci.

Ga mai nazarin adabi ko waƙa ko zane, abin ɗauka a fili yake. Tambayar wane ne ubangidan mai fasaha, da abin da aka biya shi, da waɗanda aka yi aikin dominsu, tambaya ce da ba a tsallake ta. Amma ba a amsa ta da sunan aji. Ana amsa ta da takarda da kwanan wata da sunan mutum, kuma a kasance a shirye a janye idan hujja ta saɓa, kamar yadda Tolnay ya yi. Ga masu riƙe da sassan jami'a kuwa, ya kamata a tuna cewa Antal ya yi shekara 21 a Landan, kusa da Cibiyar Courtauld, ana karanta shi ana koyi da shi, amma ba a taɓa ba shi kujera ba.